Turbo Ya Ci Kasuwa, Amma Kada A Binne Injin Da Ke Numfashi Da Kansa

Yau motocin gudu za mu taɓo, kuma matsayarmu ita ce: injin mai turbo ya fi ƙarfi, amma ƙarfi kaɗai bai isa a yanke hukunci da shi ba.

Kowane inji sai da iska yake ƙona mai. Na gargajiya da kansa yake zuƙo ta, kamar yadda mutum ke numfashi. Mai turbo kuwa ɗura ake yi masa: hayaƙin da zai fita ta salansa shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya ta biyu mai danna iska cikin silinda. Injiniya Alfred Büchi, ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi wa dabarar rajista tun 1905.

A lissafi babu gardama. Ferrari 458 Italia, mai injin lita 4.5 marar turbo, ƙarfin doki 570 take bayarwa. A 2015 aka maye gurbinta da 488 GTB: inji ya ragu zuwa lita 3.9, aka sa turbo biyu, ƙarfi ya haura zuwa 670. A shekarar ce Porsche ta sa wa 911 Carrera turbo, bayan gasar Formula 1 ta koma gare shi a 2014. Ruwa ba ya tsami banza: dokokin Tarayyar Turai na rage hayaƙi sun matsa wa kamfanoni, ƙaramin inji mai turbo kuma ya fi tsimin mai a wurin gwaji.

To me aka rasa? Na farko, amsa kira. Injin gargajiya da ka taka totur yake amsawa, ƙarfinsa na hawa daki-daki, direba ya san abin da ƙafarsa za ta haifar a tsakiyar kwana. Turbo sai hayaƙi ya taru kafin ya farka. Injiniyoyi sun rage wannan jinkiri ƙwarai, amma ba su kashe shi ba. Na biyu, murya: farfelar da ke kan hanyar hayaƙi tana dushe kukan inji. Na uku, ɗawainiya. Turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti cikin tsananin zafi, don haka ba ya yafe wa mai wasa da canjin baƙin mai.

Injin gargajiya bai mutu ba. Porsche 911 GT3 na nan da lita 4.0 mai kaiwa juyi 9,000 a minti, Ferrari ma ta fito da 12Cilindri a 2024. Damuwarmu ita ce yana komawa kayan adon attajirai. A 1999 Honda S2000 ta kai juyi 9,000 ɗin nan a farashin da bai kama ƙafar na Ferrari ba. Yau sai 'yan tsiraru irin su Mazda MX-5 da Toyota GR86 suka rage wa mai matsakaicin hali.

Mai neman lamba mafi girma a takarda ya ɗauki turbo, ba mu ga laifinsa ba. Amma idan masu saye suka ci gaba da auna mota da ƙarfin doki kawai, kamfanoni za su daina ƙera ɗayan, zaɓin ma ya gushe. Ku kuma fa, 'yan uwa, wanne za ku hau?