Sani Ya Fi Ƙarfi: Masu Kiwon Ɗiyan Gizo-gizo

A ƙasar Arewa kowa ya san kiwon shanu da awaki da zabbi. To, akwai ƙasar da ake kiwon gizo-gizo, kuma ba don wasa ba. Sunan ƙasar Birazil, can Amurka ta Kudu.

Gizon nan ba irin na kusurwar ɗaki ba ne. Ba ya saƙa yana don kamun ƙuda. Dare shi ke fita, shina yawo ƙasa shina farauta. Da rana sai shi ɓuya cikin takalmi, ko tarin itace, ko nonon ayaba. In ya buɗe ƙafafu yakan kai santimita 15. In an taɓa shi sai shi ɗaga ƙafafun gaba shi yi cizo. Dafinshi na da zafi ƙwarai. Babban mutum yakan sha zafi ya warke, amma ƙaramin yaro na iya halaka.

A birnin Sao Paulo akwai wani gidan bincike mai suna Butantan. An kafa shi shekarar 1901, wani likita mai suna Vital Brazil ne shugabanshi na farko. Can ne ake aje irin wanga gizo da kunamu da macizai.

Kiwon na da wuya. Uwa guda tana zuba ƙwai ɗari-ɗari cikin wata farar jaka da ta saƙa. In ɗiyan sun ƙyanƙyashe sun fara wayo, sai su shiga cin junansu. Don haka ake raba su, kowane da ƴar kwalba tashi mai murfi da ƴan ƙofofin iska. Ana sa jiƙaƙƙiyar auduga ciki, don bushewa na kashe su. Abincinsu ƙananan ƙudaje masu rai. In sun tasa sai a ba su gyare da kyankyaso. Suna saɓa kamar maciji, sau da dama, kafin su girma. Ba a taɓa su da hannu, sai da dogon hantsaki.

Mi ake nema da wagga wahala? Dafin ake so. Ana sumar da babban gizo, a taɓa shi da ƴar wutar lantarki, sai ɗigon dafi ya fito. Ɗigon ƙarami ne ƙwarai, sai an tatsi gizo da yawa. Daga nan a yi ma doki allurar dafin kaɗan-kaɗan, wata da watanni. Jinin dokin sai shi koyi yaƙi da dafin. A ɗebi jinin, a tace, a fidda maganin. Dokin ba ya mutuwa. Ke nan daga cikin dafi makarinshi ke fitowa.

Vital Brazil ya gano wani abu babba: kowane irin dafi da nashi makari. Maganin macijin wata ƙasa ba lalle ba ne shi yi aiki ga macijin wata.

Wanga gizo babu shi Gesheme, babu shi Tibiri ko Dogon Dutsi. Amma manomi da makiyayi na Dallol Mawri suna da nasu abokan gaba: kunama, da kububuwa, da kasa, da gamsheƙa. Kububuwa ƙarama ce, amma dafinta na hana jini daskarewa. Mutum na iya ganin kamar ya ji sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya ɓalle mishi ta dasashi ko fitsari.

Maganinta ma ta wannan hanya ake yin shi. Macizan da anka kama Najeriya, an kai su birnin Liverpool ta Ingila ana kiwonsu ana tatsar dafi. Da dafin ne anka haɗa wata allura da jinin dawaki a ƙasar Kosta Rika, mai maganin kububuwa da kasa da gamsheƙa. Kowace kwalba ta ci aikin mutane da yawa. Amma ba ta amfanin wanda bai zo gidan likita ba.

Saboda haka ga abin kiyayewa:

1. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da munduwa. Kada shi yi gudu. A ɗora shi amalanke ko babur, a kai shi gidan likita ranar nan.

2. In kunama ta harbi yaro shina zufa da amai, ko numfashi na yi mishi wuya, kada a jira wayewar gari.

3. Kada kowa ya aje kunama ko maciji cikin gida wai don neman kuɗin dafi. Aikin na masu horo ne da kayan aiki.

4. A kakkaɓe takalmi kafin a sa. A juya damen hatsi da sanda kafin a kai hannu. A riƙe fitila in za a rumbu da dare. A kwana cikin gidan sauro, a soke bakinshi ƙarƙashin tabarma.

Wanda ya karanta, shi karanta ma maƙwabcinshi. Allah shi kiyaye manoma da makiyaya, amin.