Motar Kara da Motar Roba

Sanin kowa ne cewa ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙasar noman dawa da masara ce. Da an yi girbi, kara yakan wadata, yara su feƙe ɓawonsa, su soka cikin totuwa, su ƙera mota da jirgin sama da gadon 'yar tsana. Wasan nan makaranta ce, domin a cikinsa yaro yake koyon awo da haƙuri da sarrafa hannu.

Yanzu kuwa roba ta mamaye kasuwannin ƙauye. Ba a ƙi ta gaba ɗaya ba, gama tana da ranarta. Ƙwallon fata yakan sha ruwa ya yi nauyi, shi ya sa a gasar cin Kofin Duniya ta 1986 a Meziko aka buga ƙwallon Azteca, wanda babu fata a jikinsa. Hasali ma farar ƙasa irin ta Ƙanƙara tana cikin abubuwan da masana'antu ke cuɗawa da roba.

Sai dai motar roba saye ake yi, in ta fashe ta zama shara. Motar kara kuwa mai ita ne maƙerinta, shi ne makanikenta. Yaron da ya saba da saye ya yi asarar fasaha, harshe kuma ya yi asarar kalmomin sana'ar.

Saboda haka ya wajaba ɗaliban Hausa su tattara sunayen kayan wasannin nan daga bakin dattawa, malaman firamare kuma su mayar da kara darasin aikin hannu. Kayan aro dai ba ya rufe katara.