Laifin ba na kunne ba ne, na gaɓa ne

Malaman Ingilishi da yawa, daga Kumasi har Maraɗi, sun ɗauka cewa ɗalibin da ya kasa raba furucin ship da sheep bai san bambancin dogon wasali da gajere ba. Wannan zato kuskure ne. Yaron da ya tashi da Hausa ba ya rikita dafa abinci da dafa kafaɗa, ko garin Zinder da garin tuwo, duk da cewa rubutun boko bai nuna tsawon wasali ba. Ajami ma ya fi adalci a nan, domin yana nuna tsawon da alif da wau da ya.

Matsalar tana cikin tsarin gaɓa. Hausa ba ta yarda dogon wasali ya zauna a rufaffiyar gaɓa ba, wato wadda ta ƙare da baƙi. Wasalin ɗa dogo ne, amma da zarar an ce ɗan, sai ya gajarce. Haka mota take komawa motar. Kalmar sheep kuwa dogon wasali ce da baƙi a bayansa, abin da harshen Bahaushe ya saba gajartawa tun yana goye. Shi ya sa leave take zama live, pool ta zama pull.

Kalmomin aro sun isa shaida. Inda Hausa ta riƙe tsawon, sai da ta buɗe gaɓar da ƙarin wasali: card ta zama kati, court ta zama kotu. Inda gaɓar ta kasance a rufe, tsawon ya tafi, kamar yadda paint ta koma fenti.

Saboda haka umarnin da ake yawan ba ɗalibi, wai ya ja wasalin, rabin magani ne. A Ingilishi wasulan biyu sun bambanta har a wurin da harshe yake tsayawa: na sheep a sama yake, kusa da i ta Hausa, na ship kuma ya ɗan sauko, ya saki. Baƙin ƙarshe ma yana da tasiri, domin wasalin seat ya fi na seed gajarta.

Ya kamata darasin ya fara daga ɗa da ɗan. Ɗalibin da ya ga dokar da bakinsa yake bi zai san abin da zai hana kansa: ya riƙe wasalin, ya rufe gaɓar, kada ya ce shipi.