Zuwa Ga Wanzamanmu, Kan Kumburin Da Ba A Yi Wa Sakiya

Sarkin Aska, ranka ya daɗe, da sauran iyayena wanzamai na ƙasar Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi.

Ranar suna ku ne kuke tallabe kan jariri a tafin hannu, kuna ganin abin da zani ya ɓoye wa 'yan barka. Shi ya sa na kawo kukana gare ku.

Akan haifi yaro da ƙullutu a ƙeya, wani sa'in tsakanin goshi da karan hanci, mai taushi, wanda in yaron ya tsala kuka sai ya ƙara cika. Ba maruru ba ne. Ƙoƙon kai ne bai gama haɗewa ba tun farkon shigar ciki, sai tantanin ƙwaƙwalwa ya leƙo ta kafar da ruwansa, wani lokaci har da ƙwaƙwalwar kanta. Na ga irinsa a wani ƙauye da kaka. Fatar ta yi shara-shara har jijiyoyi sun bayyana, tsakiyarta ta saɓule, an barbaɗa mata toka, ruwa garai-garai yana tsatsafowa. Kakar yaron ta dage a yi sakiya. Wanzamin da aka kira ya duba, ya mayar da aska cikin zabira, ya ce wannan na asibiti ne. Har yau ina yi masa addu'a.

Da ya huda, da ya buɗe wa sanƙarau ƙofa har cikin ƙwaƙwalwa. Don Allah kada a huda, kada a matsa, kada a ɗaure da zare, kada a shafa toka ko man shanu. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a kwantar da yaro ta gefe, uwa ta ci gaba da ba shi nono, a nufi babban asibiti ranar nan, daga can a tura su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitocin ƙwaƙwalwa kan ɗauki hoto, su cire jakar kumburin, su ɗinke tantanin yadda ruwa ba zai yoyo ba, sannan su rufe da lafiyayyar fata. Fatar da ta ruɓe takan jinkirta aikin, kuma ɗinki ba ya kama ta sosai.

Bayan an dawo gida, in ɗinkin na jiƙewa, ko maɗiga ta kumbura kai na ƙara girma, ku sa baki a koma. Maigida ya fi jin maganarku a kan tawa.

Suna kuwa a raɗa, a yanka rago. Aski ya jira sai likita ya ce tabon ya warke.

Wassalam, ɗanku.