Ta wace ƙofa ya shigo?

Akwai wata jimlar Turanci da jaridun Legas da na Landan ba sa gajiya da ita: "came to power". Ma'anarta ya hau mulki. Shugaban ƙasa ko jam'iyya ake faɗa wa ita, ba shugaban makaranta ko manajan banki ba. Abin da ke damuna da ita rowar bayani: za ta ce maka mutum ya shigo gida, amma ko ta ƙofa ne ko ta katanga, sai ta ja bakinta ta yi gum.

Dubi Muhammadu Buhari. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji ne suka kifar da gwamnatin Shehu Shagari suka ɗora shi. Ranar 29 ga Mayu 2015 kuwa ƙuri'a ce ta kawo shi. Duka biyun wannan jimla ta ɗauke su, ko gezau. Haka Jerry Rawlings na Ghana: bindiga a 1979 da 1981, akwatin zaɓe a 1992.

Ba wai Turancin ya rasa kalmomi ba ne. Yana da "seized power" ga wanda ya ƙwata, da "took office" ga wanda ya sha rantsuwar kama aiki. Marubuci ne ke zaɓen mai laushin, musamman in masu kaki na kusa. Su ma abokan aikinmu masu fassara labarai sai su ce "ya ɗare kan karagar mulki", su wuce abinsu, alhali mai sauraro na da haƙƙin ya ji yadda aka yi.

Sai dai fa kalmar ƙwacen ma takan yi ƙarya, kuma a Jamus aka ga haka. Ranar 30 ga Janairu 1933 Shugaba Hindenburg ne ya naɗa Hitler shugaban gwamnati, bayan jam'iyyar Hitler ta Nazi ta samu kusan kashi 33 cikin ɗari a zaɓen Nuwamba 1932. Cinikin bayan fage ne, Franz von Papen ya yi dillanci, yana zaton zai juya Hitler yadda yake so. Amma 'yan Nazi suka riƙa kiran abin da ƙwace mulki, don ya fi kama da jarumtaka. Ƙwacen gaske daga baya ya zo: gobarar majalisa a Fabrairu, sannan dokar watan Maris da ta ba gwamnatin Hitler damar yin dokoki ba tare da majalisar ba.