Tambayar Amurka a Kunnen Dattijon Rano

Cikin takardun tambayoyi da masu bincike ke amfani da su don auna yadda mutum yake tattalin lafiyarsa, akwai wata sananniya da ake kira HPLP-II. Susan Walker da Karen Sechrist da Nola Pender ne suka fitar da ta farko a Amurka a 1987, daga baya aka sabunta ta zuwa tambayoyi 52 da aka kasa gida shida: ɗaukar nauyin lafiyar kai, motsa jiki, abinci, bunƙasar ruhi, hulɗa da jama'a, da sarrafa damuwa. An fassara ta zuwa harsuna da dama. Duk ɗalibin da ya yi niyyar nazarin rayuwar tsofaffi a ƙasar Hausa zai so ya juya ta zuwa Hausa ya nufi ƙauye da ita. Matsayar wannan maƙala ita ce fassara kaɗai, komai kyanta, ba za ta wadatar ba, kuma sakamakon da za ta haifar yana iya cutar da mutanen da aka je aunawa.

A ɗauki misalin manomi mai shekara saba'in a Rurum ta ƙaramar hukumar Rano. Da damina yakan fita bayan asuba, ya taka zuwa gona, ya yi noma har hantsi ya dubi ludayi, sannan ya je masallaci a ƙafa sau biyar. Takardar kuwa tana son ta ji ko yana bin tsararren shirin motsa jiki, ko yana iyo ko rawa ko hawan keke don nishaɗi, ko yana duba bugun jijiyarsa yayin atisaye. Amsarsa ta gaskiya ga duk waɗannan ita ce a'a. Ke nan maki zai nuna shi a matsayin mai zaman kashe wando, alhali ya fi mai tambayar aiki da jiki. Haka abin yake ga tsohuwar da ke surfe da ɗebo ruwa da kiwon awaki a Tarai ta Kibiya. Idan irin wannan sakamako ya shiga rahoto, shawarar da za ta biyo baya ita ce a wayar da kan tsofaffi su riƙa motsa jiki, a bar abin da ke damunsu da gaske.

Ɓangaren abinci ya fi wannan sarƙaƙiya. Takardar tana ƙidaya abin da aka ci da wani awo na Amurka, kaza na hatsi, kaza na 'ya'yan itace, kaza na madara a rana, har tana tambaya ko mutum yana karanta bayanin da ke jikin kwalin abinci. A gidan da ake haɗa hannu a kwano ɗaya, wa ya san rabonsa? Awon da tsoho ya sani shi ne malmala da ludayi da dunƙulen fura. Dawar da aka auno da tiya ba ta zo da rubutu ba. Sannan abubuwan da suka fi shafar mai hawan jini a nan, wato yawan gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, da goron da ba ya rabuwa da baki, da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a kemis ba tare da ganin likita ba, takardar ba ta kama sunan yawancinsu ba. Zogale da rama da kuka kuwa, ba kowane tsoho ne zai lissafa su ba idan aka ce masa "kayan lambu", domin a kunnensa kalmar tana nufin tumatir da albasa da latas.

Ƙa'idar da aka fi bi wajen irin wannan aiki ita ce ta Dorcas Beaton da abokan aikinta, wadda ta fito a mujallar Spine a 2000: mutum biyu su fassara, a haɗa fassarorin, wasu su mayar da ita harshen asali, kwamitin masana ya duba, sannan a gwada ta a kan mutum 30 zuwa 40. Masana a Arewa sun bi irin wannan tafarki, an kuwa ci riba. Adewale Oyeyemi da abokansa na Jami'ar Maiduguri sun fitar da takardar IPAQ ta Hausa a 2011, haka kuma an samu SF-12 ta Hausa a 2020 daga masu bincike a Kano. Sai dai hankalin ɗalibi yakan tattara ne a kan mayar da fassara zuwa Ingilishi, domin shi ne matakin da mai duba kundi yake iya gani a takarda. Wannan mataki yana tabbatar da cewa kalma ta dace da kalma. Ba ya nuna abin da tsohuwa ta fahimta.

Ga kuma kunya. Takardar tana tambaya ko mutum yana taɓa waɗanda yake ƙauna su ma su taɓa shi, da ko yana biyan buƙatarsa ta kusanci. Saurayi sa'an jika ba zai dubi dattijuwa ya furta wannan ba, in ma ya furta, "Allah ya shirye ka" ita ce amsar da zai samu. Amma abin da tambayar ke nema yana nan: zumunci, dubiya, gaisuwar mutuwa, zuwa suna, hira a dandali bayan la'asar. Ita ma kalmar lafiya tana da tarko, don amsarta a bakin Bahaushe ita ce "alhamdu lillahi" ko da yana kwance. Tambaya kan dogon buri a rayuwa kuwa, wanda ya ga jikokinsa zai ce saura cikawa da imani, kuma kuskure ne a ba wannan amsa ƙaramin maki.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi: idan kowa ya sauya tambayoyi yadda ya ga dama, ba za a iya kwatanta Rano da wani gari a duniya ba, kuma masu takardar suna da haƙƙi a kanta. Gaskiya ne, dole a nemi izininsu, a kuma rubuta kowane sauyi da dalilinsa. Amma abin da ake son kwatantawa shi ne aikin jiki, ba hawan keke ba. Lambar da ta mayar da manomi malalaci ba ta kwatanta komai, illa ta ba kuskure kamannin ilimi.

Don haka matakin gwaji ne ya cancanci mafi yawan lokaci da kuɗi. Yawancin waɗanda za a tambaya ba za su karanta boko ba, saboda haka da kunne ya kamata a tace takardar, a karanta wa tsoho tambaya a ce ya maimaita ta da bakinsa. A zaunar da tsofaffin a cikin kwamitin, tare da ma'aikacin lafiya na karkara da masanin Hausa. Mace ta tambayi mata a cikin gida. A kuma rubuta lokacin da aka yi tambayar, domin amsar manomin Rurum a watan Agusta daban take da amsarsa a bazara ko a cikin azumi.