Wasiƙa ga Mahaya Keke na Morrisania a Kan Abin da Hunturu Ke Ci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Zuwa ga ƙannena da 'ya'yana masu gasar nan ta wasanni uku, wato iyo da tseren keke da gudu, mazauna Morrisania da kewayenta a cikin Bronx. 

Dalilin rubuto muku shi ne, tun da lokacin gasa ya wuce, aka kwashe ruwan tafkin iyo na Crotona Park, rana kuma ta koma faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, na lura kun rabu gida biyu. Wasunku sun rataye kekunansu a bayan ƙofa, suna cewa sai Allah Ya kai mu watan Afrilu. Wasu kuwa, saboda tsoron kada ƙafa ta mutu, sun nace sai sun yi tafiyar watan Yuli a cikin watan Janairu, alhali kuwa hanya ta daskare, iska tana yankan fuska. Duka biyun sun kauce, ɗaya ya gaza, ɗaya ya wuce iyaka, hanyar tsira kuwa tana tsakaninsu.

Ya kamata ku fara sanin haƙiƙanin abin da ke ɓacewa, domin wanda ya san girman hasara ba ya firgita da ita. A shekarar 1984 wani masani a Amurka mai suna Edward Coyle, tare da abokan aikinsa, sun bi diddigin waɗansu 'yan wasa da suka daɗe suna horo sannan suka daina baki ɗaya. Sun tarar cewa ikon jiki na amfani da iskar oksijin, wanda shi ne ma'aunin juriya, ya ragu da kashi 7 cikin 100 a cikin kwana 21, ya kai kashi 16 bayan kwana 56, daga nan kuma ya tsaya. Farkon abin da ke raguwa shi ne ruwan jini, saboda haka kowane bugun zuciya yakan tura jini ƙasa da yadda ya saba, shi ya sa mutum zai hau ɗan tudun da jiya yake rainawa, ya ji zuciyarsa na dukan uku-uku. Amma siraran jijiyoyin jini da shekarun horo suka shuka a cikin tsoka ba su gushe ba ko bayan kusan wata uku. Ashe ke nan abin da ke saurin tafiya shi ne kuma mai saurin dawowa, jarin da aka daɗe ana tarawa kuwa yana nan.

Babbar fa'idar da nake so ku riƙe ta zo ne daga Robert Hickson na Jami'ar Illinois a Chicago, wanda a shekarun 1980 ya horar da mutane kwana shida a mako har mako goma, sannan ya rage musu aikin ta fuskoki dabam-dabam tsawon mako 15. Waɗanda aka mayar da su kwana biyu a mako, amma suka riƙe tsananin aikin, juriyarsu ba ta ragu ba. Waɗanda aka gajarta musu lokacin kowane zama su ma sun riƙe mafi yawanta. Amma waɗanda aka sassauta musu tsananin, ko da suna fita kwana shida a mako, sai ƙarfinsu ya zube. Saboda haka nasihata a taƙaice ita ce, ku rage yawa, ku rage tsawo, amma kada ku rage zafi. Misalin wannan kamar garwashin da uwar gida kan binne a toka da dare ne, ba ta ɓata itace ba, ba ta kuma bari murhu ya mutu ba.

Na ware keke da magana ne domin a gasar da ake wa laƙabi da ta Olamfik, irin wadda aka saba yi a New York, inda ake iyon kilomita 1.5 a kogin Hudson, da keken kilomita 40, da gudun kilomita 10, keke ne ke cin mafi yawan lokaci, kuma ƙafar da ta sauko daga sirdi a gajiye ba ta da abin da za ta ba gudu.

To, ga yadda za ku yi. Ku nemi ƙarfen nan da ake kafa tayar baya a kansa a tuƙa keke a cikin ɗaki, ko na hannu ne, ku hau sau biyu ko uku a mako, minti 45 zuwa sa'a guda. Ku yi minti goma a hankali har jiki ya ɗumama, sannan ku matsa feda minti huɗu da ƙarfin da ba za ku iya kammala jimla ɗaya ba sai kun ja numfashi, ku sassauta minti uku, ku maimaita haka sau huɗu ko biyar. Gidajenmu na bene suna da zafin bututun ɗumama ɗaki, don haka ku kunna fanka, ku ajiye gorar ruwa kusa, ku rufa tawul a kan kan keken don kada gumi ya ci ƙarfe. Ku kuma shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a ƙarƙashi, ku guji tsakar dare, domin mutumin da ke kwance a ɗakin ƙasa yana da haƙƙin maƙwabtaka, kuma mai yiwuwa aikin asuba gare shi. In an dace da ranar da hanya ta bushe, sai a fita doguwar tafiya a natse, ko zagayen Central Park mai kusan kilomita goma, ko a haye gadar George Washington a bi hanyar 9W. In an dawo kuma a wanke sarƙa da birki a sa mai, saboda gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara yana sa tsatsa cikin 'yan kwanaki.

Ku kuwa 'ya'yana masu kai abinci gida-gida a kan keken lantarki, Allah Ya yi wa nemanku albarka, amma kada ku lissafa wunin aiki a matsayin horo, domin batir ne ke hawan tudu, ku gajiya da sanyi kawai kuke kwasowa. Zama biyu a mako ya ishe ku, barci kuma ya fi muku zama na uku amfani. Haka nan tun da yake a waɗannan shekaru azumin Ramadan yana faɗowa a ƙarshen hunturu, ku mayar da zama mai tsanani bayan buɗa baki ko bayan Tarawihi, ku gajarta shi, kada nafilar wasa ta raunana farillar ibada.

Hutu shi ma yana cikin horo. Hutun mako biyu ko uku bayan gasar ƙarshe ba kasala ba ne, haƙƙi ne da jiki yake da shi a kanku, kuma wanda ya auna kansa a Janairu da ma'aunin Yuli ya zalunci kansa. Malamanmu sun karantar da mu falalar aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, binciken masana kuma ya zo ya dace da wannan. Ku sa wa kanku ranar Lahadin farko ta watan Mayu, lokacin da ake zagayen gundumomi biyar na birnin nan a kan keke, tafiyar mil 40, ta zama ranar gwajinku. Wanda ya riƙe zamansa biyu a mako zai iske, in Allah Ya yarda, 'yan makonni kaɗan sun ishe shi ya koma inda ya tsaya.

Allah Ya tsare ku daga santsin hanya da haɗarin mota, Ya ƙara muku lafiya da istiƙama. Haza wassalam.

Daga ɗan'uwanku mai ƙaunar ci gabanku.